Yadda ake goge allon wuyan jita a shafa masa mai ba tare da an ɓata katakon ba

Duk wanda ya daɗe yana kaɗa jita yasan wannan baƙin dattin da yake taruwa a gindin ƙarafan firet, wato siraran ƙarafan da aka jera a gicciye akan allon wuya, musamman daga firet na 1 zuwa na 5 inda yatsu suka fi zama. Ba wani abu bane illa zufa da maiƙon hannu da ƙura da matacciyar fatar yatsa, sun haɗu sun daskare kaman ƙaro. Wani lokacin ma sai kaga kore-kore a gefen ƙarfen, wannan kuma daga shi ƙarfen ne, dan yawancin firet da haɗin jan ƙarfe da nikel ake yinsu, gishirin zufa in ya daɗe akai sai ya fara cinsa. To wannan dattin shine yake saurin kashe sabuwar tsirkiya, ka saka yau bayan kwana kaɗan kaji sautinta ya dushe, kuma hannu baya tafiya sumul akan allon.

Abinda nake so ka riƙe tun daga farko shine gogewar itace aikin, man kuwa ɗan kaɗan ne a ƙarshe. Mutane dayawa sun juya abun, basa goge komai sai su kwarara mai akan datti suna ganin sun gyara, alhali dattin suka jiƙa suka ƙara cusa shi cikin katako.

Kafin ka taɓa komai ka fara duba irin allon da kake dashi, dan anan ne ake yin ɓarnar da bata gyaruwa cikin sauƙi. In allon baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu, kuma in ka matso da ido kana ganin ƙananan ramuka na jijiyar itace, ka shafa kaji katako ne tsurarsa babu fanish akai, to roswud ne ko eboni ko fau-fero ko lorel, dukkansu ana musu mai. Fau-fero da lorel sun yawaita ne daga 2017 lokacin da yarjejeniyar CITES mai kare namun daji da tsirrai ta tsaurara dokar cinikin roswud tsakanin ƙasashe, sai kamfanoni irinsu Fender suka koma amfani dasu a wasu jitocin, shi yasa in jitarka ta wajen lokacin ce kaga allonta ya ɗan fi haske kar ka ɗauka bushewa yayi, kalarsa ce haka, duk man da zaka zuba bazai maidashi roswud ba. In kuma allon fari ne mai ɗan rawaya yana sheƙi, wannan mefil ne kuma kusan kullum akwai fanish akansa. Shi ba'a masa mai kwata-kwata, man bashi da hanyar shiga, zai tsaya a sama ne yana danƙo, in kuma akwai inda fanish ɗin ya tsage sai ya bi ta nan ya shiga ƙarƙashi yayi baƙin tabo wanda bazai fita ba. Akwai ma duhun allo mai fanish, jitocin Rickenbacker da yawa haka suke zuwa, saboda haka kar ka yi hukunci da kala kawai, ka shafa kaji. Sannan akwai Richlite da Martin da Gibson suka sa a wasu jitocinsu, shi ba katako bane, takarda ce aka matse da wani irin ƙaro, baƙi wuluk kaman eboni amma baya shan mai, gogewa kawai yake so.

Kayan aikin basu da yawa. Tsumma mai laushi na auduga guda uku, tsohuwar riga mai tsafta ma ta isa ka yayyanka ta, ɗaya na datti ɗaya na mai ɗaya na gogewar ƙarshe, kar ka haɗa su. Tsohon burushin haƙori mai laushi. Tsohon katin roba irin na banki wanda ya daina aiki. Salatif na takarda irin wanda masu fenti ke amfani dashi, mara ƙarfin gam. Tawul da zaka shimfiɗa, da wani da zaka naɗe ka tallabe wuyan. In dattin yayi yawa sai nafta, wato irin man da ake ɗurawa laita mai lagwani. In kana so firet su yi ƙyalli sai soson ƙarfe mai lamba 0000, sifili huɗu, shine mafi laushi, dan Allah banda soson wanke tukunya, wannan zai kakkarce maka allo ne. Sai sabuwar tsirkiya, dan tunda zaka cire tsohuwa gara ka haɗa aikin da ranar canji.

Maganar mai kuwa, bari in ɗan tsaya akanta dan anan ruɗanin yake. Kwalaben da ake sayarwa da sunan man lemo na jita, irin Dunlop 65, asalinsu man minaral ne mara nauyi aka sa masa ƙamshin lemo, kuma suna aiki lafiya lau akan duhun katako mara fanish. Akwai kuma F-One na MusicNomad wanda aka yi dan wannan aikin. In baka samu ko ɗaya ba, tsurar man minaral mara ƙamshi mara kala ya wadatar, ni kaina shi nafi yawan amfani dashi. Amma tsantsar man ɓawon lemo na gaske wanda ake sayarwa a ƙananan kwalabe dan ƙamshi, wannan daban ne, yana narkar da abubuwa, zai iya taɓa gam da fanish, kar ka kai shi kusa da jitarka. Man girki kowane iri har da man zaitun banda shi, saboda yana lalacewa a cikin katako bayan wani lokaci ya fara wari yana danƙo yana jan ƙura. Banda WD-40, banda man inji, banda feshin goge kujeru da tebur dan yawancinsu akwai silikon a ciki, shi kuma silikon in ya shiga katako gam baya ƙara kamawa da kyau, ranar da kake buƙatar a gyara maka firet ko a manna wani abu sai mai gyara ya sha wahala. Wasu masu gyara suna amfani da man linsid, amma ban baiwa sabon shiga shawararsa ba, yana bushewa ya zama fata in ka bari ya kwana akai, kuma tsumman da ya jiƙe dashi in aka dunƙule aka jefar yana iya ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta.

To yanzu aiki. Ka wanke hannu, ka shimfiɗa tawul akan tebur mai faɗi inda akwai haske sosai, ka kwantar da jitar a bayanta ka sa naɗaɗɗen tawul a ƙarƙashin wuya yadda kan jitar bazai taɓa tebur ba. Ka sassauta tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya har su yi laƙwas kafin ka cire ko ka yanke, kar ka taɓa yanke tsirkiya tana ɗaure, akan jitar katako mai tsirkiyar ƙarfe jan da suke yi gaba ɗaya ya kai wajen kilo 70, in ta tsinke da ƙarfi tana iya samun ido. Wasu suna tsoron cire duka lokaci ɗaya wai wuyan zai lanƙwashe, gaskiya na awa ɗaya ko biyu babu abinda zai samu wuyan, masu gyara kullum haka suke yi. Abinda zaka kula dashi shine abubuwan da tsirkiyar ce kawai take riƙe dasu. A jita irin Les Paul birij, wato ƙarfen da tsirkiya ke hawa akai a jikin jitar, da ƙarfen da ke bayansa suna iya zamewa su faɗo su ƙwarzane jiki, ka cire su ka ajiye gefe ko ka manne su da salatif, kuma kar ka juya ƙananan ƙafafun da ke ƙarƙashin birij ɗin dan sune suke riƙe da tsayin tsirkiya. In kana da birij mai lilo irin Floyd Rose ka cusa ɗan katako ko naɗaɗɗen tsumma a ƙarƙashin bayansa kafin ka sassauta, in ba haka ba sifirin na baya zasu ja shi ya nutse, dawo da saitinsa kuma aiki ne. A jitar katako farin ƙashin da tsirkiya ke hawa akai yana iya fita daga raminsa, in ya fita ka lura da wane gefe ne na tsirkiya mai kauri dan kar ka maida shi a juye. Ɗaukar hoto da waya kafin ka fara yana taimakawa sosai.

Daga nan sai kariya. In jitar lantarki ce ka rufe fikof ɗinka, wato abun ɗaukar sauti da ke ƙarƙashin tsirkiya, ruf da salatif, musamman na kusa da wuya, saboda maganaɗisu ne a ciki kuma duk wani ɓurɓushin soson ƙarfe can zai nufa ya manne, cire shi kuma sai wanda ya gani. In ta katako ce ka rufe bakin ramin da takarda ko tsumma. Ka sa salatif a jikin jitar gefe da gefen inda allon ya hau kanta. Dabara ɗaya, kafin ka manna salatif ɗin a jikin jita ka fara manna shi a rigarka sau ɗaya ko biyu ƙarfin gam ɗin ya ragu, tsohon fanish yana iya biyo salatif in gam ɗin yayi ƙarfi, kuma kar ka barshi ya kwana.

Ka fara da bushasshiyar gogewa, babu ruwa babu mai. Ɗauki katin roba ka ɗan karkata shi ka dinga kankare dattin daga tsakiyar kowane gida, wato filin da ke tsakanin firet biyu, zuwa gindin firet, kana bin tsawon jijiyar katakon wato daga kan jita zuwa jikinta, a hankali ba da ƙarfi ba. Zakaga yana tasowa kaman baƙin gari ko kaman kakin zuma. Sai ka bi gindin ƙarfen da kusurwar katin, gefen nan da gefen can, ka bi da burushi ka share. Gida ɗaya ka gama ka wuce na gaba, kar ka yi tsalle. Firet 20 ne ko 22 ko 24, gidajen sama-sama na kusa da jikin jitar ƙanana ne basu cika datti ba zaka wuce su da sauri, na ƙasa ne zasu ci maka lokaci. Reza ko wuƙa kam ka barwa masu gyara, sun iya riƙe ta, hannun da bai saba ba yanka ɗaya ya isa ya bar shaida har abada, kuma in akwai adon da aka dasa a allon, ɗigo-ɗigo ko zane, ka bi ta kansu a hankali.

In bayan wannan allon yayi fes to ka tsallake nafta. In har yanzu akwai maiƙo da ya ƙi fita, ka ɗiga nafta kaɗan akan tsumma, ba akan allo ba, ka naɗe tsumman a ɗan yatsa ka goge gida-gida, kana juya tsumman zuwa wuri mai tsafta duk sanda yayi baƙi. Nafta tana narkar da maiƙo kuma tana bushewa nan da nan bata kumbura katako, bata kuma cin fanish ɗin jita, shi yasa masu gyara suke sonta. Amma tana kama wuta da sauri, ka buɗe taga, babu sigari babu kyandir babu murhu a kusa. Bayan ta bushe zakaga katakon yayi fari-fari kaman ya tsufa, kar hankalinka ya tashi, maiƙon sama ne ta kwashe, man da zaka sa zai dawo da kalar. In babu nafta, tsumma mai ɗan danshi wanda ka matse shi sosai har baya ɗiga zai yi, amma ka bi da bushasshe nan take, kar ruwa ya kwanta a gindin firet. Abinda nake roƙonka ka nisanta shine sifirit da asiton da tina, wato irin abun cire jan farce da na tsinka fenti. Jitoci irin na Gibson fanish ɗinsu naitiro ne, ɗigo ɗaya na waɗannan zai narkar dashi, asiton har farin layin roba na gefen wuya yana iya ci.

Sai goge ƙarafan, wannan in kaga sun dushe ne ko kana jin ƙaiƙayi-ƙaiƙayi in ka ja tsirkiya sama. Hanya mafi aminci shine ka sa salatif akan katako gefe da gefen kowane firet ya zama ƙarfen ne kawai a waje, ko ka sami ɗan siririn faifan ƙarfe mai tsaga a tsakiya wanda aka yi dan haka. Sai ka yago ɗan soson 0000 ka goga akan ƙarfen daga gefe zuwa gefe sau kaman goma, zakaga ya fara ƙyalli. Ba so ake ka rage masa tsayi ba, dushewar kawai zaka cire. In kuma zaka taɓa katakon da soson, akan duhun katako mara fanish kaɗai, kuma da tsawon jijiya kaɗai, in ka gitta zai bar ƙananan layuka da zaka dinga gani duk sanda haske ya faɗo. Akan mefil mai fanish soso baya taɓa allo ko kaɗan dan zai kashe sheƙin. In firet ɗinka na ƙarfe mara tsatsa ne da wuya ma su buƙaci wannan. In ka gama kar ka hura ɓurɓushin da baki, ka share da burushi zuwa gefe nesa da jiki, ko ka zuƙe da injin shara, ko ka bi da manne-mannen salatif ya kwashe. Sai ka tabbata babu saura sannan ka ɗaye na kan fikof, kana naɗe shi ciki yadda abinda ya manne a sama bazai zube ba.

Yanzu ne lokacin mai, kuma nan ne nake so ka riƙe hannunka. Ɗigo biyu ko uku akan tsumma mai tsafta ya isa gida uku zuwa huɗu, allon gaba ɗaya baya cin ko rabin ƙaramin cokali. Ka shafa siriri, ya zama katakon ya canza kala yayi duhu amma babu inda man ya kwanta. Eboni ma ƙasa da haka yake so dan jijiyarsa a matse take, roswud ya fi shi sha kaɗan. Ka barshi minti biyu zuwa biyar, sai ka ɗauki bushasshen tsumma ka goge sosai kaman kana so ka cire duk abinda ka sa, ka bi gindin kowane firet da farce a cikin tsumma. Bayan kaman minti goma ka dawo ka duba, wani lokacin ramukan katakon suna dawo da ɗan mai waje kaman zufa, ka ƙara gogewa. In ka shafa da bayan hannu kaji sumul babu maiƙo to ya yi.

Dalilin da yasa na dage akan kaɗan, na taɓa yin kuskuren da kaina a jitata ta farko. Naga allon ya sha man da na sa sai na ƙara, ya sha na ƙara, ina ganin ƙishi yake ji. Kwana da kwanaki man yana fitowa daga gindin firet, sabuwar tsirkiyar da na saka ta mutu cikin sati, abun ya dameni ƙwarai. Kowane firet yana da ƙafa mai ƙananan haƙora da aka dasa a cikin tsaga, katakon tsagar ne yake riƙe da ita, in mai ya dinga shiga wurin shekara da shekaru katakon yana laushi riƙon ya ragu, firet ya fara ɗagowa, daga nan sai ƙara da zizar tsirkiya. Saboda haka sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa, wani allon ma da ake kaɗawa kullum sai ya shekara bai nemi mai ba. Ka sa ne in kaga ya yi fari ya bushe, ba duk canjin tsirkiya ba.

Akwai wani abu kuma da ake yawan dangantawa da rashin mai alhali ba shi bane. In ka shafa gefen wuya kaji bakin firet suna kartar hannu, ko kaga siririyar tsaga a allon, wannan rashin danshi ne a iska. Katako ya bushe ya tsuke, ƙarfe kuma baya tsukewa, sai bakinsa ya leƙo. Mai baya maida ruwa cikin katako. Jita tafi son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, in iskar ɗakinka ta bushe sosai ka dinga ajiye ta cikin akwatinta tare da ɗan abun bada danshi, ko jiƙaƙƙen soso da aka matse a cikin robar da aka huhhuda yadda bazai taɓa katakon ba, kuma ka nisanta ta da rana da na'urar ɗumama ɗaki. In bakin firet ɗin basu koma ba sai mai gyara ya goge su da fayil.

Mai allon mefil kuwa naka aikin gajere ne, tsumma mai ɗan danshi ko ɗan nafta, burushi mai laushi a gindin firet, ka bushe shi ka goge da man goge jikin jita in kana so, shikenan. Inda fanish ya cinye katako ya fito yayi toka-toka kar ka jiƙa wurin, ka goge a bushe.

Tunda tsirkiya bata kai, ka leƙa tsagogin nat, wato ɗan abun da tsirkiya ke bi ta kai can wajen kan jitar, ka share su da burushi, ka ɗan goga bakin fensir a cikin kowace tsaga, baƙin fensir ɗin yana sa tsirkiya ta zame lafiya lokacin saiti. Ka ɗaye duk salatif a hankali, ka maida birij yadda yake a hoton da ka ɗauka, ka wanke hannu dan kar maiƙo ya hau sabuwar tsirkiya sannan ka saka su. Ka ɗaure, ka ɗan jajja kowace ɗaya a hankali ka sake saiti sau biyu ko uku har ta zauna. Daga yau kuma ka bar bushasshen tsumma ɗaya a cikin akwatin jitar, duk sanda ka gama kaɗawa ka zura shi ƙarƙashin tsirkiyoyin ka ja daga sama zuwa ƙasa sau biyu, ka goge bayan wuyan sannan ka rufe.